Tukunyar Mai Masauki: Daga Zaatari Zuwa Daura

Akwai wani tela a unguwarmu a Daura, mutum mai kawaici, wanda in ka wuce shagonsa da safe ƙarar kekensa kaɗai za ka ji. Shi da matarsa da 'ya'ya biyar ne a gida mai ɗaki biyu da zaure. Wata rana ana tsakiyar damina, motar haya ta sauke ƙanwar matarsa a ƙofar gida, da goyo a baya, da yara huɗu a gefe, da surukarta tsohuwa wadda sai an riƙe mata hannu take iya tsallake dokin ƙofa. Daga wani ƙauye suka fito can wajen Batsari. Kayansu duka buhu ɗaya ne na tufafi, da tukunya, da bokitin roba. Mijin ya tsaya a baya, ya ce ba zai yi nisa da gona ba tunda gero ya fara fitar da kai.

Daga wannan daren gidan mutum bakwai ya koma gidan mutum goma sha huɗu. Telan ya kwashi tabarmarsa ya koma zaure tare da samarin yaran. Gidan da tiya ɗaya take kai shi dare ya koma sai biyu, wata ranar ma sai an haɗa da tafasa ko zogale kafin kowa ya ji ya taɓa wani abu. Da muka haɗu bayan sallar Isha na ce masa, "Malam, yaya baƙi?" Ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam. Ai jini ne, ba a korar jini. Tukunya ce kawai take hana ni barci." Babu wata hukuma, ta jiha ko ta tarayya ko ta ƙasashen waje, da ta san mutum bakwai ɗin nan suna Daura. Ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Duk abin da suka ci tun zuwansu daga ƙarƙashin allurar keken ɗinki ya fito.

Tun daga lokacin nake yawan tuna mutanen Siriya. Shekara goma sha uku muna jin labarinsu a rediyo kamar labarin wata duniya, muna cewa Allah Ya kyauta, muna juya tasha. Yanzu da na sake bin labarin daga farko, sai na ga gidan telan nan a cikinsa, an ninka shi sau miliyoyi.

Rikicin ya faro ne a watan Maris na 2011 a garin Dar'a da ke kudancin ƙasar. Kafin a kai ƙarshensa fiye da rabin mutanen Siriya sun bar gidajensu: sama da miliyan 6 sun tsallaka iyaka, wasu kamar hakan kuma suna yawo a cikin ƙasar. Turkiyya ta karɓi kusan miliyan 3.7 a lokacin da abin ya kai maƙura. A Labanon, ƙasar da mutanenta ba su kai na jihar Katsina yawa ba, an yi wa fiye da miliyan ɗaya rajista tun a watan Afrilun 2014. A Jodan an yi wa sama da dubu 600.

Hoton da duniya ta fi sani shi ne na sansanin Zaatari a hamadar Jodan, wanda aka buɗe a watan Yulin 2012. Fararen tantuna jere har iyakar ganin ido, daga baya aka maye gurbinsu da ɗakunan kwano, aka yi makarantu da asibitoci da tashar wutar hasken rana, har da doguwar kasuwa da 'yan gudun hijirar suka kafa da kansu. Mutum wajen dubu 80 suka zauna a wurin shekara da shekaru. Abin ya ci gaba har ya kai mace takan shiga kanti ta ɗebi shinkafa da mai, na'ura ta duba ƙwayar idonta, a cire kuɗin daga tallafinta ba tare da ta riƙe ko sisi ba. Wannan hoton ne ya zauna a kawunanmu, shi ya sa in aka ce ɗan gudun hijira sai mu hango tanti da motar agaji mai tambari.

Amma mafi yawan 'yan Siriya ba su taɓa kwana a sansani ba. A Jodan, kusan huɗu cikin biyar a garuruwa suke, suna biyan haya a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da garejin mota. A Turkiyya kason da ke sansani bai taka kara ya karya ba. Labanon kuwa cewa ta yi ba za ta buɗe sansani ko ɗaya ba, domin ta ga yadda sansanonin Falasɗinawa na 1948 suka zama garuruwa na dindindin. Sai mutane suka bazu a kwarin Beka, suna kafa bukkokin leda da katako a gefen gonaki, suna biyan mai gona kuɗin fili, 'ya'yansu suna tsintar dankali a madadin makaranta. A lokacin sanyi ƙanƙara takan danne rufin leda a kan masu barci. Zuwa 2020, bayan kuɗin Labanon ya karye, binciken hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna iyalai tara cikin goma na 'yan Siriya a ƙasar suna cikin matsanancin talauci. Nauyin wannan jama'a a kan wa ya faɗa? A kan rijiyar ƙauye, da ajin makarantar unguwa, da lebura ɗan ƙasa wanda ya wayi gari an sami mai yin aikinsa a rabin kuɗi. Su ma talakawa ne, kamar telanmu.

Tallafin waje kuma, duk da yawansa, bai taɓa zama abin jingina ba. A ranar 1 ga Disamban 2014, ana shiga sanyi, Hukumar Abinci ta Duniya ta sanar da dakatar da katin abinci na 'yan Siriya miliyan 1.7 saboda asusunta ya ƙare. An yi roƙo, an samu kuɗi, an ci gaba, amma a 2015 aka sake zaftarewa har abin da mutum ɗaya yake samu a Labanon ya koma dala 13 da rabi a wata. A wannan shekarar ce fiye da mutum miliyan ɗaya, akasarinsu 'yan Siriya da Afganistan da Iraƙi, suka tsallaka teku zuwa Turai, a wannan shekarar ce kuma aka ga gawar yaron nan Alan Kurdi kwance a bakin ruwa a Bodrum. Sai a lokacin Turai ta buɗe lalita da gaske. A watan Maris na 2016 ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, ta yi alkawarin yuro biliyan 6 domin a riƙe mutanen a can. Ina ganin wannan ya kamata ya zauna a zuciyar duk wani ɗan Arewa mai jiran agajin waje. Kuɗin nan ya fi gudana ne zuwa inda masu bayarwa suke tsoron baƙi za su iso ƙofarsu. Matar da ta gudo daga Batsari zuwa Daura ba ta tsoratar da kowa a Turai, saboda haka ba wanda zai yi gaggawa dominta.

Akwai abu na biyu da labarin Siriya ya nuna, mai ɗaci. In aka bar mai masauki shi kaɗai da ɗawainiya, wata rana haƙurinsa yakan ƙare, kuma a kan baƙon yake hucewa. Turkawan da suka tarbi 'yan Siriya da hannu biyu a farkon yaƙi, cikinsu ne aka samu waɗanda suka farfasa shagunansu a unguwar Altindag ta Ankara a 2021, suka kuma cinna wa dukiyarsu wuta a Kayseri a tsakiyar 2024, bayan tsadar rayuwa ta kai kowa bango. Ba na wanke masu wannan ɗanyen aiki. Ina dai cewa wanda ya ga yadda abin ya faro ba zai yi mamakin inda ya ƙare ba. Abu mafi hankali da aka yi a duk tsawon rikicin, a ganina, shi ne yarjejeniyar da aka yi da Jodan a taron Landan na Fabrairun 2016: a tallafa wa tattalin arzikin ƙasar da makarantunta, ita kuma ta ba 'yan Siriya takardar izinin aiki. Ba ta cika duk alkawuranta ba, amma ta gane cewa baƙo da mai masauki tukunya ɗaya suke ci.

Mu dawo gida. A 2019 hare-haren ɓarayin daji a Sakkwato da Zamfara da Katsina suka kori dubban mutane zuwa jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar. A watan Mayu hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta ce sun kai dubu 20, kafin ƙarshen shekara sun ninka. Mafi yawansu mata ne da yara, sun shiga ƙauyukan Gidan Rumji da Madarumfa da ƙafa. Babu tanti ko ɗaya da yake jiransu. Mutanen ƙauyukan ne suka buɗe rumbuna, suka ba da ɗakuna, wani ƙauyen ma baƙi suka fi 'yan gari yawa. Wanda ya san tarihi ba zai yi mamaki ba. Maraɗi kanta 'yan gudun hijira ne suka raya ta: sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora a farkon ƙarni na 19, waɗanda suka zauna a can ƙarƙashin Ɗan Kasawa, har yau kuma sarkin garin Sarkin Katsina ake ce masa. Jikokin waɗanda suka gudu ne suka tarbi waɗanda suka gudo.

Daga baya UNHCR da gwamnatin Nijar suka yi wani tsari da ya cancanci a yi nazarinsa a nan. Maimakon katange mutane a sansani, sai aka matsar da wasunsu nesa da iyaka zuwa garuruwa uku, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka gina rijiyoyin burtsatse da ajujuwa da ɗakin shan magani waɗanda baƙi da 'yan gari za su yi amfani da su tare. Tsarin yana da nasa naƙasu, kuma mutane da yawa sun gwammace su zauna kusa da iyaka domin su riƙa leƙa gonakinsu. Amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: ɗan gari ya ga cewa zuwan baƙo ya kawo masa ruwa da makaranta.

A nan ne wani abu yake ci mini tuwo a ƙwarya. Mata biyu 'yan ƙauye ɗaya a ƙasar Jibiya, hari ɗaya ya kore su a dare ɗaya. Ɗaya ta yi arewa ta tsallaka iyaka, ɗaya ta yi gabas ta shiga birnin Katsina. Ta farkon ta zama 'yar gudun hijira a idon dokar duniya, akwai yarjejeniyar 1951 da ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 a bayanta, akwai hukumar da aikinta ne ta rubuta sunanta, ta ɗauki hoton yatsunta, ta ba ta takarda. Ta biyun, wadda ba ta bar ƙasarta ba, ita ce ta ɓace. Za ka same ta a kangon da ba a ƙarasa ba a bayan gari, ta rataya zane a madadin ƙofa, ko a bakin masallacin Juma'a da yara uku, mutane suna wucewa suna ɗaukarta mabaraciya ta asali, alhali bara waccan tana da rumbu biyu da awaki. A kan takarda ita ma tana da kariya. Akwai yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da muhallansu a cikin ƙasarsu, Nijeriya ta amince da ita a 2012, ta fitar da manufa ta ƙasa a 2021. Nijar ma ta riga kowa a Afirka mayar da ita dokar cikin gida a 2018. Muna da hukumar 'yan gudun hijira ta tarayya, muna da NEMA, muna da SEMA ta jiha. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, takan yi ƙiyasi, ta kuma nuna waɗanda aka raba da gidajensu a Arewa maso Yamma da Arewa ta Tsakiya sun haura miliyan ɗaya. Sai dai ƙiyasi daban, rajista daban. Ƙiyasi lamba ce a rahoto. Rajista ita ce ke sa a ce wance 'yar wane, tana gidan wane a unguwa kaza, ga abin da ya kamata ya same ta a wannan watan.

Gwamnatocin jihohinmu na Arewa maso Yamma ba sa son buɗe sansani na dindindin, kuma ban ga laifinsu gaba ɗaya ba. Mun ga yadda sansanonin Maiduguri suka daɗe, mun ji ƙorafin karkatar da abinci da cin zarafin mata. Manomi kuma ba ya son a killace shi yana jiran layi. Amma ƙin buɗe sansani nauyi ne da ka ɗauke daga wuyan gwamnati, dole ya sauka a wani wuri. Ya sauka a kan makarantun da ake zuba mutane a ciki na ɗan lokaci, kamar yadda aka yi a Jibiya a 2022 da mutanen Shimfiɗa suka kwararo bayan an janye sojoji daga garinsu. Ya sauka a kan dangi. In ka zaɓi hanyar Labanon ta rashin sansani, to sai ka bi mutane har gidajen da suka sauka, in ba haka ba ka bar talaka yana ciyar da talaka kana kallo.

Sakamakon yana bayyana a dantsen yara. Na taɓa raka wata 'yar'uwa wurin awon tamowa a Katsina. Ma'aikaciyar takan zagaya wani ɗan zare mai launi uku a dantsen yaro: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuwa hatsari. Na tsaya ina kallon fuskokin iyaye mata a layi, kowacce idonta a kan zaren, ba mai magana. Yarinyar da ke gabanmu ta kai shekara biyu, amma da aka ja zaren sai ya shige can cikin ja, uwar ta ce a hankali, "Baba, wallahi nono ne babu, ni ma kwana biyu koko kawai na sha." Aka ba ta ledojin abincin tamowa mai gyaɗa da madara, aka gargaɗe ta kada ta raba da sauran yaran. Na san za ta raba. Wace uwa ce za ta ba ɗa ɗaya abinci huɗu suna kallo?

Ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda take aikin tamowa a jihar Katsina tun 2021, ta ce a watanni shidan farko na 2025 ta yi jinyar yara kusan dubu 70, kuma 652 sun rasu a cibiyoyinta. Ba duka 'ya'yan 'yan gudun hijira ba ne. Tsadar abinci, da gonakin da aka daina nomawa saboda tsoro, da harajin da 'yan bindiga suke ɗora wa manoma kafin shuka da kafin girbi, duk sun haɗu. Shekara da shekaru ƙungiyar tana kukan cewa shirin agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya tsaya ne a Borno da Adamawa da Yobe, Arewa maso Yamma tana waje. Ana cikin haka, a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje ta kuma rushe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. Har Arewa maso Gabas ɗin da ake ganin ta samu gata, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yulin 2025 cewa abincin mutum miliyan 1.3 zai yanke. Abin da ya sami 'yan Siriya a Disamban 2014 ne yake maimaita kansa, sai dai mu ko katin da za a dakatar ba a taɓa ba mu ba.

Me ya haɗa Daura da wannan? Wani zai ce ai mu lafiya lau muke, daji yana can yamma. Gaskiya ne ƙananan hukumomin masarautar nan, Daura da Sandamu da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, Allah Ya rufa musu asiri idan aka kwatanta da Safana ko Faskari ko Sabuwa, ko da yake ba mu manta da daren 1 ga Mayun 2019 da aka ɗauke Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa ba. Amma zaman lafiyar nan shi ne yake jawo mai gudu. Mutum inda babu harbi yake nufa, inda kuma yake da ɗan'uwa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa ake cewa, mu kuwa ɗan'uwan ya riga ya shigo zaure.

Kuma a duk ƙasar Hausa babu garin da ya kamata ya fahimci baƙo kamar Daura. Labarin da muke tinƙaho da shi, wanda muke kai baƙi rijiyar Kusugu domin mu ba su, labarin mai gudu ne. Bayajidda ya baro ƙasarsa, ya baro Borno yana tsoron ransa, ya iso garin nan da dare ba ya da kowa. Mukan yi ta maganar takobi da macijiya da Sarauniya Daurama, mu manta da tsohuwa Ayana wadda ta ba shi masauki tun ba ta san ko shi wane ne ba, a garin da ruwan sha ma sai ranar Juma'a. Ko mutum ya ɗauki labarin tarihi ko ya ɗauke shi tatsuniya, abin da kakanninmu suka zaɓa su ajiye mana ke nan a matsayin mafarin Hausa Bakwai: wata talaka ta buɗe ƙofa. Sannan gidan sarautar Daura kansa ya ɗanɗani hijira. Bayan jihadi ya ci garin a wajen 1805, sarakunan Haɓe sun yi kusan shekara ɗari a waje, a Zango da Ɓaure, sai a 1906 aka dawo da Sarki Musa kan gadon kakanninsa.

Mun kuma san abin da rufe ƙofa yake jawowa. Dattawan Damagaram da Magarya da Matamai har yau suna kiran yunwar 1984 da sunan El-Buhari, domin ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta marigayi Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ta rufe iyakoki, hatsi ya daina hawa arewa, mayunwata suka kasa gangarowa kudu. Na faɗi wannan ina sane da cewa ɗan garin nan ne, a nan kuma aka binne shi a watan Yulin 2025, kuma yana da dalilansa na tattalin arziki. Amma mu da muke zaune a bakin Kongwalam da Babban Mutum mun ga rufewar 2019 zuwa 2020, mun ga ta bayan juyin mulkin Nijar daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Kowane karo mai kuɗi yakan sami hanyarsa ta daji, talaka mai neman asibiti ko kwanon gero ne yake maƙalewa. Duk wata magana ta agaji a wannan yanki da ba ta sa iyaka a lissafi ba, rabin magana ce.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar jiran kowa daga waje. Muna da abin da Labanon da Jodan ba su da irinsa: tsarin sarauta da ya sauka har ƙofar gida. Mai unguwa ya san gidan da aka yi baƙi kafin hantsi. In fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ta umarci hakimai da dagatai da masu unguwanni su buɗe littafi, a rubuta wanda ya zo, daga ina, mutum nawa, yana gidan wa, cikin mako biyu za a sami abin da babu wata ƙungiyar waje da za ta iya tarawa a shekara. Wannan littafin ne za a ɗora a gaban SEMA da ƙananan hukumomi a ce ga mutanenku. Shi ne kuma amsar masu tsoron cewa a cikin masu gudu akwai 'yan leƙen asirin ɓarayi. Tsoron ba na banza ba ne, an sha kama masu kai rahoto a garuruwa da dama. Amma baƙon da aka san sunansa da mai masaukinsa ya fi wanda yake kwana a kango sauƙin sa ido, kuma zargin kowa da kowa ba ya kama mai laifi, sai dai ya ƙara wa gwauruwa da marayu wulaƙanci a kan wanda suka gudo da shi.

In an rubuta, tallafin ya bi gidan gaba ɗaya. Kada a zo gidan tela a ware mutum bakwai a ba su buhu, a bar bakwai ɗin da suka rage cinsu domin su. Haka ake shuka ƙiyayya tsakanin ya da ƙanwa. Ni ina ganin ma kuɗi a hannun uwargida ya fi rabon kaya a filin taro, inda ake tara mata a rana tun safe, a jera buhuna a ɗauki hoto, mai ƙarfi ya ture marar ƙarfi, tsohuwa irin surukar nan ta koma hannu wofi. Turkiyya ta gwada katin kuɗi na wata-wata ga 'yan Siriya tun 2016, mutane suka riƙa sayen abin da suka fi buƙata a shagunan unguwa, mai shago ɗan gari shi ma ya amfana. A nan kusan kowace unguwa akwai mai POS.

Daga ina kuɗin zai fito? Wani kaso haƙƙi ne a kan gwamnati, kuma a ci gaba da matsa mata. Amma ga kaka nan tana zuwa kowace shekara, ga zakkar amfanin gona, dami ɗaya cikin goma ga wanda ya noma da ruwan sama ya kuma kai nisabi. Ga zakkar dabbobi da ta kuɗi a hannun manyan 'yan kasuwar Mai'aduwa da Daura. Wanda aka kora daga gidansa ya shiga sahun masu cin zakka ta ƙofa fiye da ɗaya: fakiri ne, kuma matafiyi ne da guzuri ya yanke masa. Mun saba mu raba zakka ga waɗanda muka saba ba wa, wani lokacin ma ga waɗanda ba su fi mu buƙata ba. Da limamai za su ware huɗuba ɗaya kafin girbi su tuna wa jama'a yadda mutanen Madina suka raba gidajensu da gonakinsu da waɗanda suka yi hijira daga Makka, a kuma haɗa wannan da littafin mai unguwa, da an ga bambanci kafin bazara.

Sai gona. Waɗannan mutane manoma ne, abin da ya fi ci musu rai shi ne zama hannu rabbana. Ƙasar Daura ba ta da yalwar fili kamar yamma, ƙasar ma jigawa ce, na sani. Duk da haka aron gona al'adarmu ce tun kaka da kakanni, ga kuma noman rani a inda ruwa yake. Kadada ɗaya da iri da buhun taki sun fi buhun shinkafa goma daraja a wurin magidanci. Yaran kuma a karɓe su a makaranta ba tare da an ce sai sun kawo takardar canjin makaranta daga garin da aka ƙone ba.

Na san zuciyar kowa tana kan komawa gida. Bayan faɗuwar gwamnatin Bashar al-Assad a ranar 8 ga Disamban 2024, UNHCR ta ce cikin wata tara 'yan Siriya miliyan ɗaya sun koma ƙasarsu. Da yawa sun tarar da gida babu rufi, gona cike da nakiyoyi, makaranta ta zama kufai, miliyoyi kuma har yanzu suna waje suna jira su gani. Shekara goma sha uku ke nan ga mutanen da suka kulle ƙofa suna cewa mako biyu za su yi. A jiharmu ma ana ta zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi daban-daban, wasu ƙauyuka sun samu sauƙi, wasu mutane sun koma. Ina addu'ar ya ɗore. Amma mun ga sulhun 2016, mun ga na 2019, mun ga yadda suka warware. Kada sulhu ya zama hujjar cewa babu sauran 'yan gudun hijira, kada kuma a tura mace da yara biyar gida domin a rufe littafi. Wanda ya gudo shi ya san abin da ya gani, shi zai san ranar da hankalinsa ya kwanta.

Mijin ƙanwar matar telan ya zo Daura bayan girbi, ya rame, da buhu uku na gero a bayan mota, abin da ya saura bayan an biya waɗanda suka ba shi izinin yanka. Ya ce gari ya yi shiru kwana biyu, a koma. Matar ta ce ita ba za ta sake kwana da yara a cikin dawa ba, ya bari a ga bayan salla. Suka yi ta yi a zaure har dare ya raba, telan yana gefe bai sa baki ba. Da safe mijin ya koma shi kaɗai, ya bar buhu biyu. Babbar 'yarsu yanzu tana zuwa makarantar allo tare da 'ya'yan gidan, telan kuma ya fara koya wa babban yaron sa maɓalli da yin kalmasa. Da na wuce shagon jiya na tarar da yaron a kan benci, ya sunkuyar da kai yana ƙoƙarin zura zare a allura.